Doguwar tafiya a babur da kwana a hanya, miji da mata: tambayoyi da amsoshi daga arewacin Kamaru

Tun da aka san ni da uwargida muna ɗaure kaya a babur mu bar Garwa mu kwana a hanya, tambayoyi ba su yanke ba. Maza suna tare ni a bakin masallaci ko wajen mai faci, mata kuma suna kiranta a waya. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa. Inda maganar ta mata ce, daga bakinta na ɗauko amsar.

Sai da babban babur irin na Turawa ake wannan tafiya?

A'a. Baburan da ke ɗauko buhun masara da fasinja daga kasuwar Pitoa ran Lahadi, su ne dai za su kai ku Ngaundere. Bajaj Boxer, TVS, Haojue, duk wanda injinsa ya kai 125 zuwa 150 zai ɗauki mutum biyu da kayansu, muddin ba gudu ake nema ba. Ni na fi son 150, saboda hawan dutsen Ngaundere da kaya yana wahalar da ƙaramin inji. Babban amfanin waɗannan baburan shi ne duk ƙauyen da ake cin kasuwa akwai yaron da ya san cikinsu, fulogi da wayar kuloci da tub ɗinsu kuma suna rataye a shago. Babban babur in wani ɗan ƙarfe ya mutu a cikinsa a Mbe, sai ku zauna jiran saƙo daga Duwala.

Ka kai shi wajen bakanike mako guda kafin tashi, ba ana gobe ba. A canza bakin mai, a duba birki gaba da baya, a duba cen da haƙoran da yake hawa, a ɗaure wayoyin ƙafar baya don su ke ɗaukar nauyin, a ƙara wa shokozoba tauri. Sannan ka hau shi a gari kwana biyu uku, in akwai noti da ba a ɗaure ba ya nuna kansa tun kana kusa da gida.

Yaya ake ɗaure kaya har mace ta samu wurin zama?

Wurin zamanta ake fara fitarwa, sannan kaya su bi abin da ya rage. Masu nauyi, wato ruwa da kayan gyara da tukunya, su sauka ƙasa a jakunkuna biyu hagu da dama, nauyinsu ɗaya, kamar mangalar jaki. Marasa nauyi, tanti da tabarma da bargo, su hau kariya a bayanta. In aka tara nauyi sama a can baya, tayar gaba takan yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa a yashi da kwana. Jakar da ke ɓangaren salansa a sa mata wani abu ya raba ta da ƙarfen, in ba haka ba za ku ji ƙauri kafin ku kai Ngong. Robar tsohon tub ta fi kowace igiya riƙo, amma a duba bakinta kada ya yi lilo kusa da taya.

Kada a goya wa mace jaka a baya. Awa biyu kawai ya isa kafaɗa da ƙugu su riƙe.

Wane lokaci ne ya fi dacewa?

Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. Ruwa ya ɗauke, mayo, wato koguna da rafuka da Fulatanci, sun janye, hanyoyin ƙasa sun bushe, dare kuma ana iya barci. Sai dai hunturu na da nasa: ƙura na rage gani da safe, leɓe na tsagewa, sanyin asuba a kan babur kuma yana shiga ƙashi, musamman a tudun Adamawa, inda Ngaundere take sama da mita 1000. Ku tafi da rigar sanyi, safar hannu da man kaɗanya. A watannin nan ne kuma manyan motocin kamfanin auduga na Sodecoton ke jigilar auduga, in ka hango ɗaya a hanyar ƙasa ka sauka gefe ka bar ƙurarta ta lafa.

Maris zuwa Mayu ban ba kowa shawara ba. Zafin Garwa da Marwa kan haura digiri 40, iskar da ke bugun fuska ma zafi take ƙarawa, kuma lokacin sanƙarau ne. Damina kuwa ƙasar ta fi kyau a ido, amma ta fi haɗari. Mayo da ka tsallaka da safe yana busasshen yashi, da yamma zai iya cika ya kawo, ko da ba a yi ɗigo ɗaya a inda kake ba, saboda ruwan daga duwatsu yake gangarowa. A 2020 ruwan Mayo Kaliao ya karya gadar Palar a Marwa, gadar kankare ke nan, balle babur. Baƙar ƙasar nan ta filayen Diamare da ake dasa masakwa, in ta jiƙa takan cushe tsakanin taya da madiga har ƙafar ta daina juyawa.

Kilomita nawa ake yi a rana, kuma wace hanya za mu fara da ita?

Mu ba mu cika wuce 150 zuwa 200 a kwalta ba, a hanyar ƙasa rabin haka. Wanda ya saba acaba zai ce kaɗan ne. Shi kaɗai yake lissafawa, kuma bai lissafa sauke kaya da neman masauki da dafa abinci ba. A nan rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, duhu kuma ba ya jinkiri. Saboda haka muna tashi bayan sallar asuba da zarar ido ya fara ganin rami, mu huta duk awa ɗaya, mu fake a inuwa in rana ta take, la'asar ta same mu a inda za mu kwana.

Farkon fita ku je kusa. Daga Garwa, Lagdo ta isa gwaji: tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, ga tafkin da madatsar ruwan da aka gama a 1982 ta tara a kan Binuwai, ga kifi sabon kamu. Ko ku bi ta Gidar ku ga kwazazzabon Kola, inda Mayo Luti ya sassaƙe dutse baƙi da fari har mutum na tafiya a cikinsa da rani. Mutanen Marwa suna da dutsen Mindif a kusa, ran Juma'a ga kasuwa. Kwana ɗaya a irin waɗannan zai nuna muku abin da kuka ɗauka ba ku buƙata da abin da kuka manta.

In wannan ta yi daɗi, sai Garwa zuwa Ngaundere, kusan kilomita 280. Ku raba ta biyu. Hanyar na bi ta gefen gandun dajin Binuwai, gwaggon biri kan fito bakin titi, kada ku tsaya ba su abinci. Bayan Mbe sai hawan dutsen, kwana a kan kwana, manyan motoci na rarrafe suna hayaƙi. Ka sa ƙaramar giya, kada ka wuce mota a kwana komai jinkirinta. A dawowa ma da giya ake saukowa, wanda ya dogara da birki kaɗai zai ji ya yi zafi ya saki. Da kun hau tudun za ku ji iska ta canza, ga ciyawa, ga shanu, ga kindirmo mai sanyi. Kusa da garin akwai tafkin Tison da magangarar ruwan Vina, can gaba kuma ta Tello.

Batun tsaro fa? Ba ganganci ba ne fita da iyali?

Akwai inda ganganci ne, kuma ba na sassauta magana a kansa. Yankunan Mayo-Sava, Mayo-Tsanaga da Logone-et-Chari sun sha hare-haren Boko Haram fiye da shekara goma. A Fabrairun 2013 aka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Dabanga bayan sun fito daga gandun Waza, tun daga lokacin yawon buɗe ido a can bai koma yadda yake ba. Hukuma ma ta sha taƙaita zirga-zirgar babura a waɗannan wurare, saboda da babur maharan ke yawo. Hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri ba ta miji da mata a babur ba ce. Duwatsun Rumsiki suna cikin mafi kyawun abin da Allah ya ajiye a ƙasar nan, amma a bakin iyaka suke, ba a zuwa sai an tabbatar daga mutanen Mokolo cewa hanya lafiya, a je da rana, a kwana a cikin gari. Ta kudu kuma, dazukan Mayo-Rey wajen Tuboro da wasu sassan Adamawa suna fama da zargina, wato 'yan fashin da ke tare hanya, da masu satar mutane don kuɗin fansa.

Labarin hanya na tsufa da wuri. Abin da aka gaya maka watan jiya ba shi ne na yau ba. Direbobin tasha, 'yan acaban garin da kuke ciki, jandarmomin da ke shinge da mai garin da kuka kwana wurinsa, su za ka tambaya kowace safiya game da zangon da ke gaba. In biyu daga cikinsu suka yi jim kafin su amsa, ku canza hanya. Ba a tafiyar dare ko kusa, ko da saura kilomita goma. Kada ku sa hotonku a Facebook ko WhatsApp kuna wurin, ku bari sai kun bar shi. Mutum ɗaya a gida ya san zangonku na kowace rana, ku kira shi in kun sauka. Lambar 'yan sanda 117, ta jandarma 113, amma a daji da yawa babu sabis, wannan ma dalili ne na kwana kusa da mutane.

To a ina kuke kafa tantin?

Wannan ce tambayar da na fi so a fahimta. Masu yawon babur na wasu ƙasashe sukan ratse cikin daji su ɓuya inda ba mai ganinsu. A nan wannan dabarar ba ta aiki, kuma tana iya jawo masifa. Babu dajin da ba mai shi. Makiyayi zai ga sawun taya, mai itace za ta hango wuta, kafin isha labari ya kai gari cewa ga baƙi da babur sun ɓuya a bayan gona. A ƙasar da aka sha wuyar zargina, 'yan banga ba za su zo da sallama ba, kuma ba za ka ga laifinsu ba.

Muna kwana ne da sanin masu wuri. Sarauta a nan a jere take: lamido a sama, lawan a ƙarƙashinsa, jauro a ƙauye. In la'asar ta yi, sai mu shiga ƙauyen da ke kan hanya, in kashe babur tun daga nesa, in cire hular kwano don a ga fuskata, in tambayi yaro gidan jauro. Yawanci zan same shi a tabarma a gindin bishiya da dattawa biyu uku. In cire takalmi, in durƙusa, a gaisa a tsanake, a tambayi gida da gona da sanyi. Sai na ce: "Ranka ya daɗe, matafiya ne mu daga Garwa, ni da iyalina, Ngaundere muka nufa. Rana ta yi ƙasa, muna roƙon inda za mu shimfiɗa zuwa safe." In miƙa katin shaida ko bai tambaya ba, in ajiye ɗan goro da sukari da ganyen shayi a gefen tabarma. Kafin in gama, mata sun riga sun ja uwargida cikin gida, an kawo mata ruwa a ƙwarya.

Sau da yawa ɗaki za a ba ku. Ku karɓa, ƙin karɓa na iya zama raini. In kun fi son tanti, ku ce kuna da gidan sauronku, a nuna muku gefen zaure ko filin makaranta. Fulatanci ne harshen hanya daga Marwa har Ngaundere, ko gaisuwa kaɗai ka iya tana buɗe ƙofa, Bahaushe kuma da wuya a rasa shi, ko mahauci ko mai tireda. Ƙauyukan ƙabilun Duru, Gidar, Fali, Mundang ko Tupuri, Musulmi ne ko Kirista ko masu addinin gargajiya, ladabin ɗaya ne. In sun ce kada a taɓa wata bishiya ko a hau wani dutse, a bari ba tare da neman dalili ba.

Ko da izini, akwai inda ba a shimfiɗa. Ba a kwana a cikin mayo komai laushin yashinsa. Ba a kwana a burtali, shanu na tafiya da dare. Ba a kwana a gindin giginya mai 'ya'ya, ɗaya in ta faɗo ta isa ta fasa kai. A nisanci doguwar busasshiyar ciyawa saboda gobarar daji, a nisanci tarin auduga da ke jiran mota in za a hura wuta. Da safe a share wurin, a kwashe leda, a koma a yi wa jauro sallama. Uwargida takan bar wa matan gida sabulu ko gishiri, ya fi kuɗi daɗin karɓa.

Wane irin tanti?

Ƙarami mai raga a ciki da rufi a waje, wanda ke tsayawa da kansa ba sai an kafa turaku ba, don ƙasar rani ba ta karɓar turke. In babu, gidan sauro mai magani da tamfol da igiya sun wadatar a hunturu. A shimfiɗa tamfol a ƙasa tukuna, tsidau da ƙarangiya ba sa barin gindin tanti.

Yaya mace za ta zauna, kuma me za ta sa?

Ga abin da ta ce in rubuta. Zaman gefe da muka saba a gari, ƙafafu biyu waje ɗaya, na zuwa kasuwa ne. A doguwar hanya rami ɗaya zai iya zamar da ke. Ki zauna ƙafa ɗaya kowane ɓangare, ki sa wando mai kauri a ciki, doguwar riga mai faɗi a kai. Sutura ba ta ragu ba. Abin da ya fi komai haɗari shi ne bakin hijabi ko zani ko gyale da ke lilo: in taya ko cen ya kama shi, wuya yake ja, kuma kafin maigida ya taka birki an riga an faɗi. Ki sa gajeren hijabi ki cusa bakinsa cikin rigar sanyi, babban ki ninke shi a jaka, in an sauka ki ɗauko. Ki tattare rigar ki zauna a kanta. Takalmi rufaffe, ba silifas ba. Ki riƙa hawa da sauka ta hagu, salansa a dama take, ƙunarta a ƙwauri kuwa mata da yawa suna ɗauke da tabonta.

Hular kwano biyu za a saya, ba ɗaya ba, kuma taki ta zauna daidai a kan ɗankwali mara ƙulli, a ɗaure igiyar haɓa. Kitso ya zama kwantacce, in ba haka ba hular za ta dame ki tun kafin azahar. A kwana kada ki yi ƙoƙarin miƙewa, ki bi jikinsa. In barci ya fara ɗaukarki ki faɗa nan take.

Mutane ba sa magana? Iyaye fa?

Suna yi, galibi kafin a tafi. A hanya abin da muka fi gamuwa da shi tausayi ne da karamci. Mace tana tare da mijinta, babu abin kunya a ciki. Iyaye kam haƙƙinsu ne a je a zauna a faɗa musu hanya da ranar dawowa, a nemi addu'arsu. In hankalin mahaifiya bai kwanta da wata hanya ba, a sauya ta, ƙasar da faɗi.

Ba kwa samun saɓani a hanya?

Gajiya da yunwa da ƙura suna sa harshe kaifi. Abin da ya taimake mu shi ne yarjejeniya tun daga gida: duk wanda ya ce a tsaya, an tsaya, ba tambayar dalili. Duk wanda ya ce zuciyarsa ba ta kwanta da wuri ba, an wuce. Mai tuƙi hankalinsa na kan rami, yana jin daɗin totur, ba ya sanin lokaci na tafiya. Ta baya ita ke shan jijjiga ba abin riƙewa, kuma ita ke ganin gefen hanya: mutumin da ya daɗe yana bin mu, hadarin da ya haɗo ta gabas, jakar da ta fara zamewa. Saboda iska na cinye magana, muna da alamu: taɓa kafaɗa sau ɗaya a rage gudu, sau biyu a tsaya.

Ina roƙon maza abu ɗaya. In an sauka, kada ka miƙe a tabarma kana cewa ka gaji da tuƙi, ita kuma ta shiga hura wuta da wanke-wanke. Tare kuka sha hanyar. Ni nakan kafa tanti in ɗebo ruwa in dafa shayi, ita ta ɗora tukunya, wani dare mu yi musanya. Kuɗi da waya ma kowa ya riƙe nasa a jikinsa. Kuma ka koya mata tayar da babur da tuƙa shi ko a fili ne, domin in kai ne ka ji ciwo a inda ba kowa, ita ce za ta nemo taimako.

Sallah da tsarki fa?

Matafiyi na da rangwame. A mazhabar Malikiyya in tafiya ta kai mil 48, wato kilomita tamanin da 'yan kai, ana ƙasaru, sallolin raka'a huɗu su koma biyu, har sai an yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya. In ruwa ya yi ƙaranci har ana tsoron ƙishirwa, ga taimama. Ku zauna da malaminku kafin tashi ya warware muku batun haɗa salloli. Buta ɗaya da sallaya ba su da nauyi. Wanka da kewayawa ga mace sun fi sauƙi a cikin gida wajen mata, wannan ma na cikin amfanin sauka a ƙauye. A hanya zani ɗaya da aka ɗaura tsakanin babur da bishiya ya isa shamaki.

Me kuke ci, ruwa kuma yaya?

Kilishi, dabino, ƙuli-ƙuli, garin rogo, gyaɗa, shinkafa ko taliya, albasa, ɗan mai a gora, kayan shayi. Sauran ana saye a hanya: ƙosai da safe, gasasshen kifi a Lagdo da Maga, nama a kowace tasha. A ci abin da aka sauke daga wuta a gabanka. Ruwa kada ya gaza lita biyar ga kowane mutum a rana in da zafi, a cika jarka a duk famfon burtsatse da aka gani, na rijiya ko kogi a tafasa. In gudawa ta kama ɗayanku, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa har a kai asibiti. Kada a shigar da garwashi cikin tanti don jin ɗumi, hayaƙinsa mara wari yana kashe mutum cikin barci.

Maciji da namun daji fa?

Sauro ya fi su duka kwantar da matafiyi, saboda haka a shiga raga da wuri, zazzaɓi in ya zo a je a yi gwaji. Kububuwa ta yi yawa a kwarin Binuwai, ƙarama ce, launinta na ƙasa, da dare take fita. Kada a taka waje ba takalmi ba tocila, da safe a zazzage takalmi saboda kunama. In maciji ya sari mutum, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a nufi babban asibiti inda ake samun allurar dafi, ko da ciwon bai yi tsanani ba, don dafin kububuwa jini yake hana daskarewa kuma yakan ɗauki lokaci kafin ya nuna.

A bakin Binuwai, Lagdo, Maga da Logone, dorina ce abin tsoro. Da dare take fitowa kiwo, kuma duk abin da ya shiga tsakaninta da ruwa ta taka shi. Masunta sun san hanyoyinta, a tambaye su. Gandun Binuwai, Faro da Buba Njida kuwa ba a shiga sai da izinin ma'aikatan gandun da ɗan rakiyarsu, a ajiye babur a nemi mota.

Man bakin hanya yana da kyau?

Zuwa-zuwa, wato fetur ɗin Najeriya da ake sayarwa a kwalba, shi ya riƙe baburan arewa shekara da shekaru, duk da ya yi tsada tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023. Inda akwai gidan mai, a can nake sha. Inda babu, ina ɗaga kwalbar in duba ta a rana, in akwai ruwa zai kwanta a ƙasa, sannan a tace da ƙyalle. Ka san cin baburinka da kaya a kai: cika tanki, yi kilomita 100, sake cikawa, ka ga lita nawa ya sha. In tanki ya kai rabi a ƙara.

In babur ya lalace a daji?

Faci ne kan gaba, ƙayar aduwa da ta bagaruwa ba sa raga wa taya. Ka tafi da tub na gaba da na baya, kayan faci, ƙarfen cire taya, famfon hannu, fulogi, wayar kuloci, mahaɗin cen, sifana, filaya, sukundireba da 'yar waya ta ɗauri. Ka cire tayar baya da hannunka a tsakar gida kafin tafiya, kada karon farko ya zama a rana a bakin titi. Kowace safiya a duba iska, bakin mai da cen, ƙura na busar da shi, a ɗiga masa mai. In abin ya fi ƙarfinku, kada ka bar ta ita kaɗai da kaya ka tafi neman bakanike. Ku tura tare, ko ku aiki ɗan acaba ya ɗauko shi.

Waɗanne takardu jandarma ke tambaya?

Katin shaidar kowannenku, lasisin tuƙin babur, kart giriz (takardar rajistar babur), da inshora mai rai. Takardar aure ma tana da amfani a wasu masaukai da shingaye. A sa su a leda a jiki, a ajiye hotonsu a waya. In kun iso shinge ka rage gudu tun daga nesa, ka kashe inji, ka cire hula, ka gaisa. Kada a ɗauki hoton gada, bariki ko shingen sojoji.

Za a iya tsallakawa Chadi?

Ana iya, ta kudu ta fi sauƙi. Daga Garwa a bi Figil a shiga Lere, inda tafkin yake, a wuce Pala da Kelo zuwa Mundu. Daga Marwa kuma a bi Yagwa a haye Logone zuwa Bongor, inda aka buɗe sabuwar gada a 2025. Kuɗin ɗaya ne, sefa, amma layin waya daban: MTN da Orange a nan, Airtel da Moov a can, don haka ku riƙe tsabar kuɗi ƙanana a rarrabe. Ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin tsakiyar Afirka da Kamaru da Chadi ke ciki, sun amince da shige da fice ba biza ga 'yan ƙasashensu tun 2017, duk da haka ku tafi da fasfo, katin rigakafin shawara, inshorar CEMAC da ake kira kart roz, ku kuma karɓi takardar shigar da babur a wajen duwan, wato kwastan. Can Larabcin Chadi ne harshen kasuwa, a kudu kuma Ngambai. Duwatsun Ennedi da ake gani a hotuna suna can arewa maso gabas cikin hamada, tafiyar motocin yashi ce da jagora, ba ta ƙaramin babur mai ɗauke da mutum biyu ba.

Mai juna biyu ko mai goyo za ta iya?

A'a. Jijjigar hanya da yiwuwar faɗuwa da nisan asibiti sun isa dalili, yaro kuma ba shi da wurin zama mai aminci a babur mai kaya. In ana son fita da yara, a shiga mota zuwa Ngaundere, a sauka wajen 'yan uwa ko a masauki, a riƙa ɗan zagayawa kusa da gari da rana. Tafiyar babur a ɗage ta sai an yaye, an kuma samu wadda za a bar wa yaran da kwanciyar hankali.